Jarrabawar AP ta Turanci: wai me masu maki ke nema a takardar yaro?

Maman Ilham (Houston): Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu yara a sakandaren ƙasar nan ku ba ni haske. Ilham tana aji 11, tana ɗaukar darasin AP (Advanced Placement, wato darasin matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare) na Turanci, wanda ake kira na harshe da rubutu. Tun zuwanmu Amurka ba ta taɓa kawo ƙasa da A a Turanci ba. Jiya ta dawo ido ya yi ja, wai malamarsu ta ba ta 3 cikin 6 a insha'in gwaji. Na karɓi takardar na karanta da kaina, shafi biyu cur, malamar ba ta ja layi a ƙarƙashin ko kalma ɗaya ba. Abin da ta rubuta a gefe kawai shi ne "To, sai me?", har wuri uku. Babanta ya ce a nemo mai lesin, ni kuma zuciyata ta fi karkata ga in je makarantar in ji dalili. Jarrabawar a watan Mayu ce. Me kuke gani?

Malam Sani (Zariya): Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma abin ya ɗaure mini kai. Na daɗe ina makin Turancin WAEC, kuma insha'i a wajenmu maki 50 ne: 10 na abin da yaro ya faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A goman ƙarshen nan kowane kuskure rabin maki muke cirewa, ko na nahawu ne, ko na harafi, ko waƙafi ne ya zauna inda ba wurinsa ba. Yaron da zai tsira da rabinsu sai an tona. Yarinyar da ta cika shafi biyu ba kuskure ai a wajenmu sarauniya ce. Ki je ki ga malamar.

Malama Hadiza (Maryland): Maman Ilham, kwantar da hankalinki, kada ki tafi makaranta da faɗa. Darasin nan nake koyarwa, kuma ina cikin masu duba takardun a watan Yuni. 3 cikin 6 a gwajin aji ba abin kuka ba ne, yawancin ɗalibaina daga nan suke tashi.

Malam Sani, mudunku daban, nasu daban. Maki shidan nan gida uku ne. Ɗaya na matsaya: yaro ya faɗi abin da zai tsaya a kai, maganar da wani zai iya cewa "ban yarda ba", ba wai ya juya tambayar ya maimaita ta ba. Huɗu na hujja da sharhi. Ɗaya na ƙarshe na zurfin tunani. Nahawu ba shi da gida nasa na kansa. Inda yake shigowa kawai, in kurakurai sun yi yawan da mai karatu ya kasa gane nufin yaro, to ba za a ba shi cikon na huɗu a hujja da sharhi ba.

Ina kyautata zaton Ilham 1 ta samu a matsaya, 2 a tsakiya, sifili a ƙarshe. Ki duba ƙasan takardar.

Maman Ilham (Houston): Ikon Allah! Ga shi nan kuwa, 1-2-0, an kewaye shi da jan biro.

Malam Sani (Zariya): Malama, ki gafarce ni, jarrabawar Turancin da nahawu ba shi da maki ai ba ta Turanci ba ce, ta gardama ce.

Malama Hadiza (Maryland): Malam, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Manufar AP ita ce a gwada ko ɗan sakandare zai iya aikin ɗan shekarar farko a jami'a, kuma kwas ɗin rubutu na shekarar farko a jami'o'in nan na koyon kafa hujja ne. Amma ba a yar da gyaran rubutu gaba ɗaya ba. Jarrabawar awa uku da minti 15 ce. Awar farko tambayoyin zaɓi ne guda 45. Kusan rabinsu karatu ne da fahimta, sauran kuma sai a kawo rubutun da bai gama nuna ba a ce yaro ya zama edita: wace jimla ce ta fi dacewa ta buɗe wannan sakin layi, wace za a cire, wace kalma za ta haɗa wannan da wancan. Wannan ɓangare shi ne kashi 45 cikin 100. Sai insha'i uku a awa biyu da kwata, su ne kashi 55. Abin da yaro ya rubuta a minti 40 kan batun da bai taɓa gani ba, a matsayin rubutun farko ake karanta shi, ba wanda aka kwana ana gogewa ba.

Nura (Austin): Anti Maman Ilham ina wuni. Na zana duka biyun, na harshe a aji 11, na adabi a aji 12. Bari in nuna miki abin da "sai me" ɗin nan ke nufi da tambayar gaske, don ana iya sauke ta kyauta a shafin College Board, hukumar da ke shirya jarrabawar.

A 2019 an kawo wa ɗalibai wani yanki na wasiƙar da Gandhi ya aika wa Lord Irwin, wakilin sarautar Birtaniya a Indiya, a watan Maris na 1930, dab da tattakin gishiri. Aka ce su yi nazarin dabarun da ya bi wajen gabatar da ƙorafinsa. Ɗalibi mai 2 a tsakiya ga irin abin da yake rubutawa: "Gandhi ya yi amfani da kalamai masu taɓa zuciya. Ya yi maganar talakawa da harajin gishiri. Wannan ya sa wasiƙarsa ta yi tasiri a kan mai karatu." Ba ƙarya a ciki, Turancin ma zai iya zama tas. Amma wane mai karatu? Wane irin tasiri? Ta yaya?

Mai 4 kuma sai ya ce: Gandhi ya sanar da Irwin tun da wuri cewa zai karya dokar gishiri, har da ranar da zai fara, kuma ya nanata cewa ba shi da niyyar cutar da Bature ko ɗaya. Da ya yi haka ya toshe wa gwamnati ƙofar kiransa mai ƙulla makirci a ɓoye. Kuma da ya zaɓi gishiri, abin da ba gidan da ba a ci, wanda harajinsa ya fi gallabar matalauci, ya jefa Irwin tsaka mai wuya: in ya ƙyale shi doka ta zama wasa, in ya kama shi duniya ta ga daular Birtaniya ta ɗaure tsoho saboda gishiri.

Hujjar ɗaya ce, Anti. Na farkon ya auno tsaba ya ajiye wa baƙo, na biyun ya tuƙa tuwon. Malamar Ilham cewa take yi ta tuƙa.

Malama Hadiza (Maryland): Allah ya yi maka albarka Nura, ka hutar da ni. In ƙara da lissafi. Insha'i uku, kowanne 6, jimla 18, su ke ɗauke da kashi 55. Ke nan maki ɗaya a insha'i ya kai kimanin kashi 3 na jarrabawar gaba ɗaya, daidai da tambayoyin zaɓi uku. Hujja da sharhi kaɗai maki 12 ne cikin 18 ɗin. In Ilham ta tashi daga 2 zuwa 3 a kowane insha'i, kamar ta ƙara cin tambayoyin zaɓi tara ne. Nan ƙarfinta ya kamata ya tafi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda yara ke haukacewa a kan makin zurfin tunani. Sai ka ga yaro ya haddace wata jimla mai ƙyalli kan "al'umma" ko "tarihin ɗan Adam" ya manna a ƙarshe. Ba a bayarwa. Ƙa'idar ta faɗa ƙarara cewa sai in zurfin yana cikin jikin hujjar, ba jimla ɗaya da aka liƙa ba. Takardu kaɗan ne ke samunsa, kuma yaro na iya cin 5 a jarrabawar ba tare da shi ba, don sakamakon ƙarshe daga 1 zuwa 5 ake bayar da shi.

Alhaji Mamman (Bronx): Salamu alaikum. Ni fa duk wannan lissafi bai dame ni ba kamar kuɗin. Dala 99 kowace takarda a 2025. Yaro ɗaya ya ɗauki huɗu ko biyar, kana da yara uku, ga haya ga inshora. College Board sun ce su ba 'yan kasuwa ba ne, amma jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT tasu, AP tasu, kowace kusurwa ka juya da hannunsu a aljihunka. Mu da muka yi karatu a Kumasi jarrabawa ɗaya muka sani a ƙarshen sakandare, shi ke nan. Sannan wa ya tabbatar mini mai dubawa in ya ga suna Abdulrahman ko Khadija ba zai matse hannu ba?

Malama Hadiza (Maryland): Alhaji, ta biyun zan iya ba ka amsa da bakina. Ba ma ganin suna, ba ma ganin makaranta, ba ma ganin jiha. Rubutun kawai ke zuwa gabanka. Masu dubawar malaman sakandare ne masu koyar da darasin da malaman jami'a, wasu a taru a babban zaure, wasu daga gida ta intanet. Tambaya ɗaya ake ɗora ka a kai, ita za ka yi ta karantawa har a tashi, don haka insha'in yaro uku ba hannu ɗaya suke bi ba. Kafin a sake ka a kan takardun gaske sai an horar da kai da samfuran da manya suka riga suka daddale makinsu. Kana cikin aiki kuma shugaban teburinku yana bin bayanka yana sake karanta wasu daga cikin waɗanda ka yi wa maki. In hannunka ya fara nauyi ko ya fara sakewa, za a tsayar da kai a daidaita ka. Ɗan Adam ne ke yi, ban ce ba a saɓani ba, amma ta suna dai babu hanya. Sai dai ku sani, in sakamako ya fito a watan Yuli ba a ɗaukaka ƙara kan insha'i, ba a sake dubawa.

Maganar kuɗi kuwa, akwai rangwame ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, wasu jihohi da gundumomin makarantu ma su ke biya. Ka tambayi mai kula da AP na makarantar yaranka tun farkon zango, don rajista a kaka ake yi, zuwa tsakiyar Nuwamba. Wanda ya makara dala 40 ake ƙara masa.

Nura (Austin): Baba Alhaji, ka auna ta wannan gefen kuma. A Texas tun 2015 akwai dokar da ta ce jami'o'in gwamnati su ba da kiredit, wato su yafe kwas ɗin, ga wanda ya ci 3 ko sama, sai in jami'a ta kawo hujjar cewa kwas ɗin na buƙatar fiye da haka. Kwas ɗaya a jami'a ya ninka dala 99 sau da yawa. Ni ban zauna ajin rubutu na zangon farko ba.

Alhaji Mamman (Bronx): Kai ɗan nan, Texas ka ce. Kowace jami'a da nata hukuncin. Wasu sai 4 ko 5, manyan nan masu tsada wasu ko ka kawo 5 sai ka sake zama ajin.

Nura (Austin): Haka ne Baba. Shi ya sa ake duba shafin jami'ar tun kafin a biya.

Dakta Kabiru (Ohio): Na yi shiru ina karantawa, amma bari in jefa tawa, ko da ba za ta yi wa Malama Hadiza daɗi ba. Ni nake karɓar yaran nan bayan sun baro hannunku. Abu biyu.

Na farko, lambar nan ta 1 zuwa 5 ba daga sama ta sauko ba, mutane ne ke zama su ja layi. A jarrabawar adabi, a 2021 waɗanda suka ci 3 ko sama ba su kai rabi ba. A 2022 sun haura kashi uku cikin huɗu. Shekara ɗaya tal. Yaran Amurka ba su zama malaman adabi a wata goma sha biyu ba, ana fitowa daga korona ma. College Board ta ce ta canza hanyar ja layin ne, tana tattara bayanai daga malaman jami'a da yawa tana kwatanta da irin sakamakon da ɗaliban jami'a ke samu a kwas makamancinsa. To, na ji. Amma mai sayar da jarrabawa shi ne kuma mai yanke wa ya ci, ai dole a ɗaga gira.

Na biyu ya fi damuna. Kafin shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020, insha'in nan a kan 9 ake masa maki, mai dubawa ya karanta gaba ɗaya ya auna nauyinsa. Da aka farfasa shi 1-4-1 sai aka ba yara ƙwarangwal. Yanzu abin da nake gani a ajina: matsaya mai ƙafa uku a ƙarshen sakin layi na farko, sakin layi uku kowanne da "wannan ya nuna cewa", sai rufewa. Ka ce su rubuta shafi goma da bincike a laburare, sai ido ya raina fata. Kuma su ne aka yafe wa kwas ɗin da zai koya musu hakan.

Malama Hadiza (Maryland): Dakta, ta farkon ba a teburinmu ake yanke ta ba. Mu 0 zuwa 6 muke bayarwa. Haɗa shi da na tambayoyin zaɓi, da yanke inda 3 ta tsaya 4 ta fara, aikin wasu ne daban, kuma ba a sanar da iyakar kowace shekara. Shafukan nan da yara ke zuba lambobi su ga "za ka ci 4" kintace ne kawai. Abin da zan tabbatar wa iyaye shi ne ba gasa ake tsakanin yara ba, ba a ware cewa kashi kaza ne kaɗai za su ci 5.

Ta biyun kuwa ban yarda da kai ba sam. Na koyar a zamanin 9 ɗin. Yaro ya samu 5 ya tambaye ka me zai yi ya kai 6, sai ka tsaya kana lalube, "ka ƙara nuna balaga", "rubutunka ya ƙara nuna". Wa wannan ke amfana? Ɗan gidan da ake muhawara a kan teburin cin abinci da Turanci tun yana goye. 'Yar Maman Ilham fa, ko ɗan direban tasi a Bronx? Yanzu ina iya ɗora yatsa in ce ga inda kika kawo hujja, ga inda kika tsallake ba ki bayyana ba. Kuma babu inda ƙa'idar ta ce sakin layi biyar. Matsaya ma ko'ina ta zo a takardar ana karɓa, ko a ƙarshe ne. Malamai ne ke koyar da ƙwarangwal don ya fi sauƙin koyarwa.

Dakta Kabiru (Ohio): To ai kin faɗa da bakinki. Abin da ake aunawa shi ake koyarwa.

Malama Hadiza (Maryland): A zamanin 9 ɗin ma sakin layi biyar ɗin nan suna nan daram, Dakta. Ka tambayi waɗanda suka riga ka shiga aji.

Dakta Kabiru (Ohio): Suna nan, amma mai dubawa na da ikon ya ce wannan rubutu ba rai a cikinsa ya tsayar da shi a tsakiya. Yanzu rubutu marar rai na iya kwashe 5 cikin 6. Ni dai shawarata ga iyaye, ko yaro ya ci 5, in jami'arsa na da ajin rubutu mai kyau, a bar shi ya zauna.

Alhaji Mamman (Bronx): Wato in biya 99, in kuma sake biyan kwas ɗin. Dakta, Allah ya bar zumunci.

Isufu (Greensboro): Barkanku da muhawara. Ni a Maraɗi na yi bakaloriya, a kan 20 ake mana maki, kuma abin da Nura ya kwatanta ya tuna mini insha'in falsafa: ka kawo magana, ka kawo kishiyarta, ka sasanta. Tambayata a kan ɗana ce. Bai daɗe da zuwa ba, Faransanci ya yi karatu da shi, Turancinsa na magana ya zauna amma rubutu da saura. An ba shi zaɓin shiga ajin nan baɗi. In bar shi, ko zalunci ne?

Malama Hadiza (Maryland): Malam Isufu, irin ɗanka sun zauna a ajina, kuma sau da yawa insha'i ba shi ne ke kayar da su ba, don makarantar Faransanci ta riga ta koya musu tsara hujja. Awar farko ce ke ba su wuya: nassi mai tsawo, wani lokaci Turancin ƙarni na 19 mai jimla kamar ba za ta ƙare ba, ga agogo na gudu. Maganinsa karatu ne kullum, sharhin jaridu, jawaban shugabanni, tsofaffin wasiƙu, ba haddar jerin manyan kalmomi ba. Ya kuma san cewa tun 2011 ba a cire maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka kada ya bar gurbi ko ɗaya. Daga 2025 ma zaɓin ya koma huɗu maimakon biyar.

Insha'i ukun kuma kowanne da halinsa. Na farko a ba shi majiyoyi shida kan batu ɗaya, ciki har da hoto ko jadawali, ya kafa tasa matsayar ya jingina da aƙalla uku. An taɓa tambaya ko a daina buga kwabon Amurka, an taɓa yi kan injinan samar da lantarki daga iska, an yi kan koyar da rubutun hannu a makarantu. Wanda ya yi amfani da majiya biyu kacal ba zai wuce 1 cikin huɗun tsakiya ba, komai daɗin bakinsa. Tarkon da ke ciki shi ne yaro ya bi majiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana taƙaita su, ya manta shi ake son ji. Na biyu irin na Gandhi ne. Na uku kuwa ba a ba shi komai sai magana ɗaya, ya kawo hujja daga karatunsa, ko tarihi, ko abin da ya gani da idonsa. A nan ɗanka ya fi 'yan ajinsu jari. Wanda ya san fari da tsadar hatsi, ya san barin gida ya koma wata ƙasa, yana da abin faɗa.

Nura (Austin): Kawu Isufu, sai dai ka ja masa kunne: mai dubawa wataƙila bai taɓa jin sunan Maraɗi ba. Ya ba da jimla ɗaya ko biyu ya shimfiɗa wurin, sannan ya nuna yadda labarin ya tabbatar da matsayarsa. In ya saki baki yana ba da labari ya manta tambayar, 2 ɗin nan dai zai gani. Kuma ya koyi buga kibod da sauri. Tun 2025 a kwamfuta ake yin ta, cikin manhajar Bluebook, ba takarda da biro. Ana iya sauke manhajar a gwada tun kafin ranar.

Maman Ilham (Houston): Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna wa babanta, an fasa zuwa faɗa. To mai lesin fa, a ɗauka ko a bari?

Malama Hadiza (Maryland): Kafin ki fitar da ko sisi: tambayoyin shekarun baya suna shafin AP Central na College Board kyauta, kowace da ƙa'idar makinta, da ainihin rubutun ɗalibai, mai ƙarfi da matsakaici da mai rauni, da bayanin dalilin makin kowanne. Ilham ta rufe makin, ta karanta, ta ba da nata, sannan ta buɗe ta gani. Ranar da hannunta ya fara daidai da na masu dubawa, ta gane abin. Sai ta riƙa rubuta ɗaya a mako, minti 40 da agogo, ta kai wa malamarta. Ba sai kullum cikakke ba ma, wani lokaci ta ɗauki sakin layi ɗaya na tsohon aikinta ta sake gina shi. In kin ga dole sai mai lesin, ki fara tambayarsa yadda ake raba maki shidan. In ya fara miki zancen zai koya mata manyan kalmomi, ki sallame shi da godiya.

Malam Sani (Zariya): Ta adabin fa da Nura ya ambata? Nan ne fagena.

Nura (Austin): Malam, awa uku ce. Tambayoyin zaɓi 55 a awa ɗaya, sai insha'i uku a awa biyu, rabon makin iri ɗaya, 1-4-1. Na farko waƙa ce da ba ka taɓa gani ba, na biyu yankin ƙagaggen labari, na uku a ba ka jigo, kamar cin amana ko gida ko sirri, ka zaɓi littafi ko wasan kwaikwayo da kanka ka tattauna shi da ka, ba littafin a gabanka. Ana ba da jerin littattafai a matsayin shawara, amma kana iya fita daga jerin. Babu wasu littattafan dole kamar yadda WAEC ke sanyawa. *Things Fall Apart* na Chinua Achebe ya sha fitowa a jerin, ni ma da shi na amsa. Gara ka san uku ko huɗu ciki da waje da ka san ashirin sama-sama.

Malam Sani (Zariya): Madalla. Nan kam mun haɗu, don mu ma babban ciwonmu a adabi shi ne yaro ya zauna ya ba ka labarin littafin daga farko har ƙarshe, alhali tambaya aka yi masa. Ko ya ce "marubucin ya yi amfani da kamance" ya wuce abinsa, kamar gano sunan adon harshen shi ne aikin.

Malama Hadiza (Maryland): Wannan ciwon ba shi da biza, Malam, ko'ina yana shiga. Taƙaita labari 1 ne a tsakiya.

Baban Khalifa (Kano): Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ɗana yana SS2 a nan, burinmu ya yi digiri a waje. Zai iya zana wannan daga Najeriya? Kuma za ta tsaya masa a madadin WAEC?

Malama Hadiza (Maryland): Ana zana ta a wajen Amurka, a makarantun da aka ba izini, galibi masu bin tsarin karatun Amurka, kuma kuɗin ya fi na nan. Ba sharaɗi ba ne sai yaro ya zauna ajin, amma sai ka sami makarantar da ta yarda ta yi masa rajista a matsayin ɗan waje, tun kafin Nuwamba.

Malam Sani (Zariya): Madadin WAEC kuwa a'a, Alhaji. In a gida zai yi jami'a, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC ko NECO, sannan JAMB, ba makawa.

Dakta Kabiru (Ohio): A nan ma ba ita ce ƙofar shiga ba. Jami'o'in Amurka sakamakon sakandarensa za su nema, WAEC ɗin nan dai, wasu su ƙara da jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL ko IELTS, wasu da SAT. AP ƙari ce ga wanda makarantarsa ke koyar da ita, ba a kama yaron Kano da laifin rashinta. Ka tara kuɗin nan, kuɗin neman gurbi da na biza suna nan suna jiranka.

Baban Khalifa (Kano): To Alhamdu lillahi, an rage mini kaya. Nura, tambayar Gandhin nan da samfuran amsoshin dai ka turo mini ta akwatin sirri, ko don yaron ya gwada hannunsa a hutun nan.

Nura (Austin): An gama Baba, in na fito daga lakca zan turo. Ku lura ta 2019 ce, a kan 9 aka yi mata maki a lokacin, don haka zan haɗa da ta wata shekarar bayanta mai 1-4-1.

Malam Sani (Zariya): Ka sa ni a ciki, amma ka rage musu nauyi, data ta yi tsada.